Tambaya da Amsa: Na Rubuta Labari, Amma Ina Jin Kunya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 17, ina sakandare a Zariya. Na cika littafin rubutu guda da labarin da na ƙirƙira, amma ko ƙawata ban nuna wa ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin tuna mini da kaina. Ni da littattafan haya na fara. Nakan soka su cikin littafin lissafi, in karanta da fitilar ƙwai bayan kowa ya kwanta, har ranar da Inna ta ga baƙin hayaƙi a hancina, asiri ya tonu.

Labarina na farko, yayata na ba. Ta karanta ta ce, "Kowa a ciki bakinki ne da shi, har tsohuwar." Kwana biyu ban yi mata magana ba, amma gaskiya ta faɗa. Daga nan na koma kasa kunne: yadda mai ƙosai ke ciniki, yadda kakarmu ke sakin habaici tana tsintar shinkafa.

Ki ba mutum ɗaya ya karanta, wanda ba zai yi miki kara ba. Sannan ki kwafe labarin da hannu karo na biyu, za ki ga rabin surutun ya zube.

Tun 2016 BBC Hausa ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Ki duba ƙa'idojinsu, ki fara shiri tun yanzu.