Vuolijoki: Ƙaramar hukumar da ta ɓace daga jeri, masana'antarta na nan

Tambaya: Na karanta cewa jiragen ƙasan cikin gari na Helsinki a wani ƙauye mai suna Otanmäki ake ƙera su, a ƙaramar hukumar Vuolijoki. Na duba jerin ƙananan hukumomin Finlan, ban gan ta ba. Ina ta shiga, kuma me ya kai masana'anta cikin daji? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, jerin da ka duba daidai yake. Tun ranar 1 ga Janairun 2007 aka haɗe Vuolijoki da birnin Kajaani, bayan ta yi zaman kanta tun 1915. Tana yankin Kainuu, a gaɓar kudu ta tafkin Oulujärvi. Ƙasa ce ta dazuzzuka da fadamu, sanyinta mai tsawo, don haka kiwon shanun madara da saran katako suka fi noman hatsi riƙe mutane.

Batun masana'anta kuwa, sai an koma ƙarƙashin ƙasa. A 1938 aka gano ma'adinin ƙarfe a Otanmäki, aka fara haƙa a 1953. Ba ƙarfe kaɗai ake samu ba, har da banadiyam, wanda ake zuba kaɗan daga cikinsa a ƙarfe don ya ƙara masa tauri. Saboda mahaƙar aka gina gari sukutum a tsakiyar daji, da gidajen bene na ma'aikata, aka kuma jawo reshen layin dogo daga tashar Murtomäki da ke kan babban layi. Da haƙar ta daina biyan kuɗinta aka rufe ta a 1985. To ga layin dogo a ƙofa, ga mutanen da suka saba da aikin ƙarfe, ga gidajen da za su zama kufai. Shi ya sa kamfanin Rautaruukki, mai mahaƙar, ya kafa masana'antar taragai a wurin. Ita ce Transtech, wadda Škoda ta ƙasar Cek ta sayi mafi yawan hannun jarinta a 2015. Tana ƙera taragai masu hawa biyu da jiragen cikin gari na Helsinki da Tampere.

Amma masana'anta ɗaya ba ta riƙe ƙaramar hukuma. A lokacin, ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar nauyin makarantu da kiwon lafiya da kula da tsofaffi, akasari daga harajin mazaunanta. Ma'aikacin da yake kwana a Kajaani can harajinsa yake zuwa. Matasa na ta fita, tsofaffi na ƙaruwa, mutanen ba su kai dubu 3 ba lokacin haɗewar.