Turancin da na tsinta a labaran hunturun Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da baƙunta. Kin ce watanninki uku a Ingila, yara suna dawowa daga makaranta da labarin Father Christmas, tsohon da ake cewa yana kawo wa yara kyautar Kirsimeti cikin dare, da barewarsa, ke kuma rabin zancen na wuce ki. Kina tambaya ko za a iya koyon Turancin yau da kullum da irin waɗannan labarai, kuma ko ya dace. Shekarata tara a Leeds, kuma a wannan halin na yi hunturuna na farko.

Turancin da muka yi a sakandare na cin jarrabawa ne. Na iso ina iya rubuta takardar neman aiki, amma ban san sunan bututun hayaƙin da ke kan rufin gidan da nake kwana ba. A bakin 'yata na fara jin "chimney", ranar da ta dawo tana tambaya ta ina tsohon zai shigo, tunda namu a toshe yake. Daga wannan labari guda na samu "fireplace", murhun ɗumama ɗaki, da "stocking", doguwar safar da ake ratayewa a jikinsa, da "wrap", naɗe kyauta a takarda. Ta ƙarshen ce ta fi yi mini amfani, don a Disamba duk wanda za ku yi sallama da shi sai ya ce "wrap up warm", wato ki rufe jiki da kyau. Haka "naughty": a labarin, yaro mai ƙiriniya dunƙulen kwal yake tararwa a safarsa maimakon kyauta, kuma kalmar ce za ki riƙa ji a bakin iyaye a ƙofar makaranta duk shekara.

Maimaitawa ce ke sa kalmomin zama. Tun tsakiyar Nuwamba labari ɗaya ake ta juyawa a aji, a talabijin, a tagogin shaguna. Mu ma babu wanda ya zaunar da mu da ƙamus kafin mu san su Gizo da Ƙoƙi da Botorami, jin su dare bayan dare ne ya dasa mana su. Daren kuma a nan akwai shi, don wajen 21 ga Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu a gidan da muka fara zama. Wata safiya mai tsananin sanyi ta ce mini "Jack Frost has been". Na ɗauka wani baƙo ne ya zo nemanmu, sai ta kama hannuna ta nuna mini gilashin mota da raɓa ta daskare a kai ta yi fari. Ashe a tatsuniyarsu sanyi mutum ne mai yawo da dare yana shafe tagogi. A tsaye a wurin ta koya mini "frost", da "grit", gishirin da ake barbaɗawa a titi, da "black ice", ƙanƙarar da ke shimfiɗe a hanya ido ba ya ganinta. Wannan ki riƙe ta sosai. Idan aka ambace ta a hasashen yanayi, ki taka a hankali, musamman in kina tura keken jariri.

Batun dacewa, ba zan ɓoye miki komai ba. Tushen labarin Father Christmas wani bishop ne, wato babban limamin coci, mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Myra, cikin Turkiyya ta yau. Ana ba da labarin ya jefa zinariya cikin dare a gidan wani matalauci don ya samu abin aurar da 'ya'yansa mata uku, wasu kuma suka ce a safar da aka shanya ta faɗa. Mutanen Holan suna kiransa Sinterklaas, ranarsa 6 ga Disamba, daga sunan nan kuma aka samu Santa Claus a Amurka. Ni na raba abin gida biyu. Tsoho mai jar riga da barewa mai tashi sama, na gaya wa yarana tatsuniyar mutanen ƙasar ce, babu mai saukowa ta rufi, mu kuma muna da Sallarmu. Na ja musu kunne kada su je su faɗa wa 'yan ajinsu, domin iyayen nan suna jin zafin hakan ƙwarai. Wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da yara ke yi a makaranta, shi ya taɓa aƙida, sai na je na yi magana da malamar cikin mutunci, ta kuma saurare ni. Hukuncin addini ki kai shi ga malamin da kika amince da shi, ni abin da na aikata na faɗa miki.

Wasu kalmomin suna da tarko. "Mince" niƙaƙƙen nama ne, amma "mince pie" na yanzu busassun 'ya'yan itace ne da kayan ƙamshi. Duk da haka ki karanta bayan kwalin, wasu na da barasa ko kitsen dabba. "Boxing Day", 26 ga wata, ba ruwansa da dambe, daga akwatin kyautar da ake ba ma'aikata sunan ya fito. In kika ji an kira mutum "Scrooge", marowaci ake nufi, sunan wani attajiri ne a littafin da Charles Dickens ya fitar a 1843.

In masu waƙa suka tsaya a ƙofarki da gwangwanin tara sadaka, ki tuna da 'yan tashe, kusan hakan ne. Tambayar da za ki fi sha a shago da wajen ɗaukar yara ita ce "Are you all ready for Christmas?" Shekarar farko shiru nake yi, sai mai tambayar ya ji kunya, ni ma in ji. Yanzu cewa nake yi "We don't celebrate it, but I hope you have a lovely one", kuma sau da yawa daga nan hira ke ɓarkewa har a tambaye ni yadda muke Sallah.

Ki je ɗakin karatu na unguwarku, katin aro kyauta ne. Ki ɗauko littattafan yara masu hotuna guda biyu, ki sa yaran su karanta miki bayan isha'i, ke kuma ki rubuta kalma uku kacal a dare, ki gwada su a kan maƙwabciya da safe. Allah ya sa ki saba da sanyin lafiya, a gaida yara.