Agogon da ake cewa yana gano ɗaukewar numfashi a barci, in saya ko in bari?

Saƙo na farko daga wata baiwar Allah ne a Garwa. Ta ce maigidanta direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Ngaundere zuwa Kusiri, yana da minshari mai ƙarfi har wani lokaci numfashin ya tsaya cak sai ta taɓa shi ya yi wani irin ja kamar wanda aka shaƙe, da safe ya tashi da ciwon kai, kuma likita ya ce tansiyonsa ta hau. Wani mai shago ya nuna mata agogon hannu na sefa dubu 15 ya ce yana sanar da mutum kafin numfashinsa ya ɗauke. Ta saya?

Hajiya, kar ki saya. Amma don Allah kar ki bar maganar ta tsaya a nan, domin abin da kika lissafa ya tayar min da hankali fiye da batun agogon. Wannan alamun ciwon da likitoci ke kira apniya ne, wato naman maƙogwaro ya saki idan barci ya yi nauyi ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum kaɗan ba tare da ya sani ba. Ana ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya, daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, ya wuce 30 kuwa ya yi tsanani. Ki duba mutumin da aka farkar sau 30 a kowace awa, gari ya waye ya hau tirela ya kama hanyar Marwa cikin zafin watan Afrilu. Gyangyaɗi ɗaya a kan sitiyari ya isa.

Agogunan da aka gwada da gaske akwai su. A Fabrairun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na Samsung, a Satumbar shekarar ta amince da na Apple. Yadda aka yi su shi ne an tara barcin mutane da yawa da aka auna da na'urorin asibiti, likitoci suka yi alama a duk wurin da numfashi ya yanke, aka ba kwamfuta ta yi ta bita har ta koyi yadda hakan ke bayyana a hannu. Na Apple motsin wuyan hannu yake ji, ɗan motsin da numfashi ke haifarwa, na Samsung kuma iskar da ke cikin jini yake bi. To amma kin ga, babu wanda zai ce miki yau da ƙarfe biyu numfashin Malam zai tsaya. Na Apple sai ya tara kwana 30 sannan ya ba da sanarwa, na Samsung yana son dare biyu. Dararen da suka wuce suke dubawa su ce je ka ga likita, shi ke nan. Kuma a gwajin da Apple ya yi da kansa kusan mutum biyu cikin uku masu matsakaicin ciwon ko mai tsanani ya kama, na ukun ya wuce shiru. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye, a 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun nuna cewa na'urar auna iskar jini da haske ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, ta nuna lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa. In masu tsadar haka suke, ina ga na dubu 15 da ba a san wanda ya gwada shi ba.

Ke ce kike da abin da agogon ba shi da shi. Daren da yake gida ki ɗauki wayarki ki yi masa bidiyo na minti biyar lokacin da minsharin ya kankama, ki bari a ji wurin da ya yi shiru da wurin da ya ja iskar. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna wuyansa, in ya haura santimita 40 ki rubuta. Ku tafi da wannan wurin likita ku ce kuna so a tura ku ga likitan huhu a yi masa gwajin barci, ko da sai an je Yawunde ko Duwala. Kuɗin agogon ki sa a kuɗin mota. Kafin nan ya riƙa kwana a gefe ba rigingine ba, ya guji ƙwayar sa barci, kuma in barci ya zo masa a hanya ya faka, kaya ba su kai ransa ba. Ki faɗa masa da lallashi, maza da yawa suna ɗaukar maganar minshari kamar gori.

Na biyu ɗalibi ne daga Njamena, ya ce dannau na damunsa sau biyu uku a wata, ya ga manhaja a waya ana biya duk wata wai tana hango daren da zai zo, kuma yana tsoron ko ciwon barci ne na ƙudan tsando.

Ƙanina, riƙe kuɗinka. Lokacin mafarki jiki kan saki tsokoki don kar mutum ya aikata abin da yake gani, dannau shi ne hankali ya farka jikin bai riga ya dawo ba, daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna ya wuce. Ƙarancin barci, kwana rigingine da canza lokacin kwanciya su suka fi jawo shi, littafi da biro za su nuna maka wannan cikin wata guda in kana rubuta lokacin da ka kwanta da daren da ya zo. Na tsando daban ne, yana zuwa da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Chadi ta kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Sai dai in barci na kwashe ka da rana tsakiyar magana, ko gwiwoyinka su saki idan ka yi dariya, wannan ka je asibiti.

Na ƙarshe wani Alhaji daga Marwa, an riga an yi masa gwajin apniya an rubuta masa injin CPAP, wato mai hura iska ta hanci don kar hanyar numfashi ta toshe cikin barci, ya samu na hannu da araha, wai mai daidaita kansa ne.

Alhaji, mai daidaita kansa yana da kyau, yana jin numfashinka yana ƙara iska ko ragewa cikin dare, amma likita ne zai sa masa iyaka ta sama da ta ƙasa. Na hannu kuwa ka duba sunansa da lambarsa tukuna, a Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injuna saboda soson rage ƙara da ke ciki yana rugujewa ya bi iska, irinsu na iya yawo a kasuwar gwanjo. Ka sayi sabon abin rufe hanci da sabon tiyo daidai fuskarka, ka tanadi matatar iska da yawa saboda ƙurar hunturu, sannan tun kafin ka biya ka lissafa kuɗin batir ko sola da zai riƙe shi awa bakwai in wuta ta ɗauke.