Tambaya da Amsa: Fendar Tsohuwar Land Rover da Aka Yanke Ta Ƙi Jin Gyara

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar Land Rover doguwa, samfurin 109, wadda na gada daga mahaifina, kuma da ita nake ɗauko masara daga gonarmu ta wajen Soba zuwa Zariya. Kafin ta zo hannuna, yayana ya sa an yanke bakin fendojin gaba domin ya saka manyan tayoyi, daga baya kuma aka yi wa ta dama faci da fallen ƙarfe, aka shafe da fila, wato kwaɓin da ake cike lotson mota da shi, aka yi fenti. Sau uku ke nan ina kai ta wurin mai fanel bita, amma duk damina sai wurin ya sake tsagewa, fentin ya kumbura, wani farin gari yana fitowa daga ƙarƙashinsa. Shin in ci gaba da gyara ne, ko in nemi wasu fendojin? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Kafin ka sake kashe ko sisi, ka sami maganaɗisu ka ɗora a jikin fendar. Za ka ga bai kama ba sai a daidai wurin facin, domin tun daga 1948 da aka fara ƙera Land Rover a Ingila, jikinta na alminiyam ne, wani haɗi da ake kira Birmabright, alhali shasi da bangon da ke raba inji da direba na ƙarfe ne. Wanda ya yi maka faci ya ɗauke ta kamar Peugeot ko Hilux, kuma daga nan matsalar farin garin ta samo asali.

Idan alminiyam da ƙarfe suka haɗu, ruwa kuma ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne yake ruɓewa. Farin garin da kake gani shi ne tsatsarsa, don ba ya yin jar tsatsa irin wadda muka saba gani. Lakar hanyar gona da ke maƙalewa a bayan facin tana riƙe danshi tsawon damina, garin yana ƙaruwa yana tura fila waje, har fentin ya kumbura ya fashe. Saboda haka tilas ne a cire wannan fallen ƙarfe gaba ɗaya, a kankare fila har sai an ga asalin jikin motar, a yanke duk inda ya ruɓe.

Amma facin ba shi ne tushen tsagewar ba, yankan da aka yi tun farko ne. Fendar da ta fito daga kamfani tana da baki wanda aka lanƙwasa ciki, kamar kalmasar da tela yake yi wa bakin riga, kuma wannan ɗan lanƙwason shi ne ƙarfinta. Da aka yanke shi, sai aka bar falle tsirara yana kaɗawa duk lokacin da motar ta hau gargada. Alminiyam kuwa idan ana lanƙwasa shi ana miƙewa yakan taurare, ya yi gautsi, daga nan ya tsage. Fila ba ta riƙe tsaga, aikinta kawai ta daidaita ɗan lotso mara zurfi. Duk wanda ya cika tsaga da ita ya yi maka gyaran gangar auzinawa ne, ko da kuwa fentin yana sheƙi ranar da ka karɓi mota.

Abin da za ka nema a yi shi ne a fara huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga domin ta daina tafiya. Sannan a zana siffar bakin fendar a jikin kwali, a yanko fallen alminiyam mai kauri daidai da na motar, a lanƙwasa masa baki, a ɗora shi ta ciki ya zarce wurin da ya lalace ta kowane gefe, a ɗaure da ribit na alminiyam, wato ƙusoshin da ke matse falle biyu wuri ɗaya, a jere kusa da kusa. Wasu suna ganin ribit a matsayin aikin wucin gadi, amma a wannan motar ba abin kunya ba ne, domin da shi aka haɗa sassa da dama na jikinta tun daga kamfani. Idan fallen ya yi tauri wajen bugu, akwai dabarar da tsofaffin masu sana'ar suka sani: a goga masa sabulu, a gasa shi a hankali har sabulun ya yi baƙi, a bar shi ya huce, sai ya yi laushi ya bi guduma.

Game da walda, ina ba ka shawara ka yi hattara. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, ƙarfe kuwa sai kusan 1,500, kuma shi ba ya yin ja kafin ya narke. Mai waldar kabaid da ya saba jiran ganin ja zai tsaya yana jira, sai kawai ya ga wurin ya zube ya bar rami. Idan ka dage sai walda, ka nemi wanda yake da injin walda mai aiki da iskar argon kuma ya saba da alminiyam, ka ce ya nuna maka aikin da ya taɓa yi a kan falle mai sirantaka. Duk inda fendar za ta taɓa ƙarfe, ko wurin noti ne, a sa roba ko fenti mai kauri a tsakani. Kafin fenti kuma a fara shafa share-fagen da aka yi musamman domin alminiyam, in ba haka ba, fentin zai ɓare. Lokacin rani ya fi dacewa da wannan aiki, sa'ad da komai ya bushe.

Saura maganar taya, wadda masu gyara da yawa suke tsallakewa. Tayar da aka san 109 da ita ita ce mai lamba 7.50-16. Tunda taka ta fi haka girma, ka loda buhunanka kamar yadda ka saba, ka shafa alli a cikin fendar, ka hau da taya ɗaya kan tudu, ka karya sitiyari har ƙarshe ta hagu da ta dama, sannan ka leƙa. Duk inda allin ya goge, taya tana gugar wurin. Wani lokaci laifin na sifirin ne da ya kwanta saboda tsufa da lodi, kuma muddin ba a gyara shi ba, sabon facin ma zai sha duka. Idan tayar ta leƙo waje da jikin mota, a ƙara mata baki na roba mai kauri domin ya tare laka da tsakuwa.

Dangane da sauyawa kuwa, ka duba yadda ruɓewar ta kai. Idan ta tsaya a bakin fendar, gyara ya fi sauƙi, kuma na fi son sa. Idan ta ci har wuraren da ake ɗaure ta da noti, to ka nemi wata. Ka fara tambaya a wurin masu tsofaffin kayan mota na Sabon Gari, in ba a dace ba ka gangara kasuwar Panteka a Kaduna. Sai dai ka tafi da haƙuri, domin jikin irin waɗannan motoci da yawa ya riga ya ƙare a hannun masu narka alminiyam suna zuba tukwane. In ka samu, ka tafi da maganaɗisunka da ma'auni, ka ƙwanƙwasa ka ji ko fila ce a ciki, kuma ka tuna cewa fendar da ba a yanke ba za ta buƙaci ka koma wa tayar asali.