Ba Laifin Gilashin Ba Ne

Ɗana, jiya ka tambaye ni me ya sa yankan tsokar nono da muke shiryawa a ɗakin gwaje-gwaje don dubawa a madubin ƙara girma ya saki gilashi ya bi ruwa a tukunyar dafa shi, alhali gilashi mai manne ka sa, mai tsadar nan. Bayan ka wuce gida Idi-Araba na leƙa bencinka. Gilashin ba shi da laifi.

Abin da muke ce wa manne a jikin gilashin Superfrost Plus da ire-irensa ba gam ba ne da za ka ji danƙonsa a yatsa. Caji ne aka ɗora wa fuskar gilashin, ita kuma tsoka nata cajin kishiyarsa ne, sai su kama juna kamar maganaɗisu da allura. Duk abin da ya shiga tsakani ya raba auren. Kai kuwa jelatin, sinadarin nan mai danƙo, ka zuba a ruwan ɗumin da muke shimfiɗa yanka a kai, wai ƙarin ƙarfi. Jelatin ɗin ya riga tsokar hawa gilashi, ya lulluɓe cajin. Ruwan nan zalla ake so, zafinsa digiri 40 zuwa 45.

Sai kuma gaggawarka. Yankan maikiron 4 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, in ka tsamo shi akwai ruwa maƙale a ƙarƙashinsa. Jingine gilashin a tsaye ya tsane tukuna, sannan ya shiga oben a digiri 60, awa guda. In ka sa shi da lema, kakin da aka daskarar da tsokar a ciki zai narke ya kulle ruwan a ciki, ranar da ka dafa shi a ruwan sitiret, sinadarin da muke dafa yanka a ciki kafin rini na musamman, sai ya kumbura ya ɓalle. Nono ga kitse, shi da ƙashi sun fi kowa gardama. Ni nakan bar su su kwana a digiri 37.

Lokacin da na koyi aiki, farin ƙwai da gilisarin muke shafa wa gilashi. Yana riƙewa, amma shan rini gare shi, sai ka ga bayan tsokar ya yi dauɗa a madubi.

Kwalin gilasan ma na tarar da shi a buɗe, ga laimar Legas a damina. Ka riƙa rufewa, ka kama gilashi ta gefe, kuma rinin yau da kullum gilashin gama-gari ya ishe shi, masu cajin nan daga waje ake odarsu.

Gobe da safe ka zubar da ruwan, ka wanke kwanon. Bulok ɗin kakin da ke ɗauke da tsokar nonon baiwar Allahn nan saura kaɗan, yanka biyu kawai za ka fitar.