Wai sai na sayar da keken ɗinkina kafin Allah ya yi amfani da ni?

Tambaya: Baba Fasto barka da aiki. Ni tela ne a Sabon Gari, shekarata 29. Gaskiya na gaji, kullum shago, gida, sujada ranar Lahadi, shi ke nan, ji nake kamar rayuwata ba ta da wani amfani a gaban Ubangiji. Na je addu'ar kwana wani wuri, mai wa'azin ya ce ya ga kira mai girma a kaina amma keken ɗinkin ne ya tsare min hanya, in sayar in kawo masa kuɗin a matsayin baiko, wai shuka iri ke nan. Ni nake riƙe da mamata da ƙannena biyu. Ina tsoron kada in ƙi muryar Allah. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, kuma kada ka taɓa keken nan tukuna. Gajiyar da kake ji ba zunubi ba ce, kowa na yin ta, har mu da ke kan bagade.

Amma bari in tsaya kan maganar mutumin nan, don na gaji da jin irinta, kusan duk sati sai wani ya shigo ofishina da labari iri ɗaya, wannan ta sayar da injin markaɗe, wancan ya bar koyarwa, wata ma an ce ta daina shan maganin hawan jini wai rashin bangaskiya ne, sai da aka kwashe ta zuwa asibitin Shika. Duk tushen abin ɗaya ne: an cusa wa mutane cewa kiran Allah sai da wahayi da faɗuwa ƙasa da barin sana'a, wai wanda ke zaune a shago Kirista ne na baya-baya. A ina aka rubuta haka? Yesu kansa masassaƙi aka san shi a Nazarat, duba Markus 6:3, kuma sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara hidima a fili. Shekarun da ya yi yana feƙe katako ɓata lokaci ya yi? Bulus kuwa kusan ɗan'uwanka ne a sana'a, ɗinkin tanti yake yi, a Koranti ya zauna gidan Akila da Biriskila suna aiki tare, yana nan a Ayyukan Manzanni 18. Shi ne kuma ya gaya wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. To wane ruhu ne zai ce ka sayar da abin da ke ciyar da mahaifiyarka, kuma kuɗin ya faɗa aljihun wanda ya ga wahayin? Haba. In Allah na kiranka ai ya san hanyar gidanka, ba ya bukatar dillali. Kuma ka lura, masu wa'azi irinsa ba su taɓa ganin wahayi a kan mai hannu wofi ba, kullum sai mai keke ko fili ko mashin.

Za su kawo maka Ibrahim da ya fita bai san inda za shi ba. Gaskiya ne, amma da dabbobinsa da dukiyarsa ya tafi, ba wanda ya karɓe masa su a bakin ƙofa.

Ka hau mota ka zo Wusasa, kusa da Zariya, ka ga abin da aikin yau da kullum ke haifarwa. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, mishan ta koma Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito cikakke ba sai 1932, shekaru ana zaune ana fassara kalma bayan kalma, aikin da ya fi ɗinki gundura. Daga ƙaramar al'ummar nan Dakta Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Su wa suka raine su? Malaman aji da masu bishara da iyaye mata da ba wanda ya riƙe sunansu, su ma na tabbata akwai safiyar da suka tashi suna jin abin da kake ji.

Shagon nan naka mutum nawa ke shiga a sati, Musulmi da Kirista? Ka cika alkawarin ranar karɓar kaya, wanda a telolin Zariya wannan kaɗai ya kusa zama mu'ujiza, musamman gab da Sallah da Kirsimeti. Ka mayar wa mutum ragowar yadinsa. Ka ɗauki yaro ɗaya mai yawo a unguwa ka koya masa yanka, ka ga ko za ka sake cewa ranakunka iri ɗaya ne, yaran nan sai sun sa ka addu'ar da ba ka taɓa yi ba.

In kuma har bayan wata shida zuciyarka na ja zuwa aikin bishara, ka je wurin fastonka da dattawan ikkilisiyarku, akwai makarantun Baibul, akwai tsari, ba wanda zai ce ka kawo kuɗin keke. Ka gaishe min da Mama, kuma kada ka ba mutumin nan lambar wayarta.