Lodi 14 a sabar jami'a: amsa ga ɗalibi mai shirin zuwa Jamus

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Jamus, sashen ya buɗe maka asusu a sabarsu ta Linux, ka buga umarnin uptime mai nuna nauyin da ke kan na'ura ka ga 14.20, 13.80, 9.05, sai gabanka ya faɗi, wai ko kai ne ka danne musu na'ura. Kwantar da hankalinka tukuna.

Lambobin nan uku matsakaicin lodi ne na minti 1, minti 5 da minti 15. Ba kashi cikin ɗari ba ne, yawan ayyukan da ke gudana ne haɗe da masu jiran layi. Ɗauki wurin niƙa: kwano 14 a gaban inji ɗaya cunkoso ne, amma in injinan 32 ne, fiye da rabinsu ba su da abin niƙawa. Saboda haka fara buga nproc ka ga ƙwayoyin furosesa nawa ne. Sai dai ka leƙa lscpu ma. In ya nuna zare biyu ga kowace ƙwaya, wato kowace na ɗaukar layin aiki biyu, to in nproc ya ce 32, 16 ne na ainihi, kuma zare na biyu ba ya ninka ƙarfi.

Ga inda ake yawan ruɗewa. Tun 1993 Linux ke haɗa ayyukan da suka maƙale suna jiran diski cikin lissafin lodi, su ne masu alamar D a top, umarnin da ke jero ayyukan da ke gudana. In ma'ajiyar NFS, wato diskin da ake shiga ta hanyar sadarwa, ta tsaya, sai ka ga lodi ya haura sama alhali furosesa tana hutawa abinta. Maganin ruɗun shi ne vmstat 1. Yi watsi da layin farko, matsakaici ne tun daga kunna na'ura. In ginshiƙin r, ayyukan da ke gudana ko jiran furosesa, ya daɗe yana fin yawan ƙwayoyi, furosesa ce ta yi kaɗan. In ginshiƙin b (ayyukan da suka maƙale) da na "wa" (lokacin jiran diski) ne suka kumbura, laifin diski ne, ko ka ƙara ƙwaya ɗari ba abin da zai canja.

A cikin top danna 1, kowace ƙwaya za ta fito da layinta, ko ka yi mpstat -P ALL 1 in an saka kunshin sysstat da ke ɗauke da shi. Shiri mai nuna 400% ƙwaya huɗu yake ci, ba kuskure ba ne. Jimillar sama kuwa mayaudariya ce: ƙwaya ɗaya ta ƙure a 100% cikin 32, jimillar ta ce 3% kacal, kai kuma kana zaune kana jiran shirin Python mai zare ɗaya ya gama. Kishiyar hakan ta fi muni. NumPy, kayan lissafi na Python, kan buɗe zare daidai yawan ƙwayoyi, in ka tayar da kwafi 8 ka zuba zare 256 kan ƙwaya 32, suna ta ture juna. Sa OMP_NUM_THREADS=1 kafin ka tayar da su.

Manyan na'urorin jami'o'i galibi manhajar Slurm ke raba musu aiki. Sabar da kake shiga ƙofa ce kawai, ba a ɗora mata nauyi. Ta sbatch ake miƙa aiki. In ya kammala, buga seff da lambar aikin. Wanda ya nemi ƙwaya 16 ya yi amfani da ɗaya zai ga kusan 6%, kuma duka 16 ɗin za a rubuta masa.

Kafin biza ta fito, gwada a laftof ɗinka. Buga yes > /dev/null & sau huɗu, ka zuba wa uptime ido. Bayan minti ɗaya lambar farko za ta hau kusan kashi 63 ne na tazarar da ke tsakaninta da 4, don a hankali take bin abin da ke faruwa, duk daƙiƙa biyar ake sabunta ta. In ka gama, killall yes, kada fankar laftof ta kwana tana kuka.